Kwaɗin Tawa: Moustapha Alassane da Katun ɗin da Ba Mu Gani Ba

Duk wanda ya rubuta kalmar "Kokoa" a akwatin bincike na intanet, garin koko da cakulan ne za su fara yi masa maraba. Sai ya haɗa da sunan Moustapha Alassane kafin na'ura ta gane cewa fim yake nema. Fim ne na 'yan tsana, tsawonsa bai kai rubu'in awa ba, wani ɗan Nijar ne ya yi shi, kuma sunan da ya raɗa masa kalmarmu ce ta kokawa, ko kokowa a bakin mutanen Tawa da Maraɗi, aka rubuta ta da ƙa'idar Faransanci. Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo sarai. Abin da ba a yi wa laƙabi daidai ba a rumbun bayanai, ko yana nan tamkar babu shi ne. Fim mai sunan Hausa, a kan wasan da ake cika fili dominsa daga Sakkwato har Damagaram, ga shi akasarin Hausawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Mun taso muna kallon Tom and Jerry a talabijin bayan an taso daga makarantar allo, muka ɗauka cewa katun abin yara ne, kuma abin Turawa ne. Finafinan Alassane sun rushe waɗannan zato biyu tun kafin a haifi yawancinmu. Abin da muke son kafawa a wannan sharhi shi ne, ɓacewarsu daga idanunmu ba ta da alaƙa da ingancinsu. Matsalar ajiya ce da ta rarrabawa. Sannan ƙarancin kayan aikin da ake gani a jikinsu, wanda wasu masu sharhi kan yi wa uzuri cikin tausayi, shi ne inda basirar mutumin ta fi fitowa.

An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dougou, cikin Nijar, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Makanike ne tun farko, kuma tun yana yaro yake haɗa wasan inuwa: ya yanka siffofi, ya haska su da fitila a bayan ƙyalle, jama'a su taru su kalla. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai nazarin al'adu da kyamara, wanda ya buɗe masa ƙofar sana'ar. Daga nan ya je Kanada, hukumar finafinai ta ƙasar da ke Montreal, inda Norman McLaren yake aiki, mutumin da ya yi suna wajen yin zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. Alassane bai tsaya a katun kaɗai ba. Ya yi *Aouré* a 1962, sunan da kowane Bahaushe zai gane da jinsa, ya yi *Le Retour d'un aventurier* a 1966, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi mutane, da Zalika Souley cikin 'yan wasa. Ya shugabanci sashen sinima a jami'ar Yamai na tsawon shekaru, daga baya ya zauna a Tawa, yana gudanar da otal yana kuma ci gaba da aikinsa a ciki. Katun ɗinsa na farko da ya yi fice, *La Mort de Gandji*, ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966.

A cikin ayyukansa, wanda muke ganin ya fi kowanne cika shi ne *Bon Voyage Sim*, na 1966. Minti biyar ne kacal, baƙin layi a kan farin fili. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyarar aiki wata ƙasa, ya hau jirgi ya tafi, aka tarbe shi da dukan ƙa'idojin da ake tarbar shugaba: sojoji, fareti, gaisuwar ban girma. Labarin ke nan gaba ɗaya. Wanda ya karanta shi a takarda zai ce babu komai a ciki.

Bari mu yi ɗan lissafi. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, wato hoto 7,200. Ko da mai zane ya bi dabarar da aka saba, ya ɗauki kowane zane sau biyu, yana bukatar zane 3,600. Kamfani irin na Disney yana da ɗaruruwan ma'aikata da zai raba wa wannan aiki. Mutum ɗaya ba shi da su, don haka dole ya nemi hanyar ragewa, kuma hanyar da kowane mai katun ya sani ita ce ya zana taku ɗaya na tafiya, ya yi ta maimaita shi. A wurinmu masu rubuta manhaja wannan shi ne darasin makon farko: kada ka rubuta umarni sau ɗari, rubuta shi sau ɗaya ka ce wa na'ura ta yi ta zagayawa a kansa. A katun mai arha, maimaicin nan aibi ne da ake ƙoƙarin ɓoyewa, kamar yadda kujera ɗaya da taga ɗaya suke ta wucewa a bayan kyanwa idan tana bin ɓera. Alassane bai ɓoye nasa ba. Ya nemo batun da shi kansa maimaici ne. Mene ne faretin soja in ba taku ɗaya da ake ta nanatawa ba? Mece ce ziyarar shugaba in ba musabiha ɗaya, taken ƙasa ɗaya, jawabi ɗaya da aka yi a filin jirgin da ya gabata za a kuma yi a na gaba ba? Idan kwaɗin nan suka jera suna ɗaga ƙafa iri ɗaya da fuska iri ɗaya, rowar zanen ce take ba da dariyar, kuma ita ce take faɗin maganar. Da an ba shi masu zane hamsin sun bambanta fuskar kowane soja, da sun lalata masa fim.

Shekarar ma tana da muhimmanci. A 1966 Nijar tana da shekara shida da samun 'yanci, Diori Hamani yana mulki ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. A watan Janairu na shekarar sojoji suka karɓi mulki a Najeriya da Upper Volta, ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. A watan Fabrairu aka hamɓarar da Kwame Nkrumah na Ghana yana kan tafiya a ƙasar waje. Mai kallo na wannan zamani da ya ga kwaɗo ya bar ƙasarsa ya hau jirgi cikin kiɗan badujala ya san abin da ake nufi ba sai an fassara masa ba. Sababbin ƙasashe sun gaji tuta da jar darduma da jerin gwanon motoci, suna ta gwada su kamar yaro da babbar rigar ubansa. Marubuta da yawa sun yi wannan suka a littattafai masu kauri. Alassane ya yi ta cikin minti biyar, kuma wanda bai iya karatu ba ma zai gane.

Me ya sa kwaɗi? Amsa ɗaya ta fasaha ce: kwaɗo yana da sauƙin zanawa, tumbi ne da idanu biyu da faffaɗan baki. Amsa ta biyu kuwa duk wanda ya taso yana jin tatsuniya ya san ta. Gizo yakan faɗa wa sarki abin da talaka ba zai iya faɗa ba, kuma ba a ɗaure mai tatsuniya saboda abin da Gizo ya yi. Sai dai a lura, Alassane bai ɗauki zaki ko giwa ya naɗa su sarauta kamar yadda aka saba ba. Ya ɗauki halittar da take kumbura wuya ta cika dare da ƙara, alhali tafin hannu ya ishe ta zama. Zaɓin dabbar ma hukunci ne a kan masu mulki.

*Kokoa* wani abu ne daban. A nan babu zane, 'yan tsana ne da aka ƙera da hannu, ana ɗaukar su hoto ɗaya bayan ɗaya: a motsa hannun ɗan tsana kaɗan, a ɗauka, a sake motsawa, a sake ɗauka. Dabbobi ne suka taru a filin kokawa, kwaɗi da hawainiya da tsuntsu, ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga mai gabatarwa. A Nijar kokowa ita ce wasan ƙasa, gasar takobin da jihohi suke fafatawa a kanta ma a Tawa aka fara ta a 1975, garin da Alassane ya yi zamansa. Saboda haka ya san abin da yake ɗauka. Wanda ya taɓa tsayawa a fili ya san cewa kayen kansa ƙiftawar ido ne. Yawancin lokacin yana tafiya ne a kirari, da kewaye, da duƙawa a ɗebi ƙasa, da kai hannu a janye, da riƙon da za a yi ta yi kamar babu mai motsi alhali kowace jijiya tana aiki. Motsin 'yan tsana mai ɗan tsinkewa, wanda zai zama naƙasu a fim ɗin tsere ko na rawa, ya dace da wannan riƙo ƙwarai. Muna ganin nauyi a jikin waɗannan halittu saboda da gaske suna da nauyi, hannun mutum ne ya tsayar da su a kan ƙasa, haske na gaske ne ya faɗa musu. Manhajojin katun na zamani suna da lissafi mai zurfi na kwaikwayon nauyi da karo da faɗuwa, kuma mun san wahalar rubuta irin wannan lissafi. Duk da haka sau da yawa halittun da suke fitarwa kamar balan-balan suke yawo, ƙafarsu ba ta kama ƙasa.

Kada mu mayar da sharhi waƙar yabo. *Kokoa* ba shi da labari, karo ne bayan karo, kuma wanda ba ya sha'awar kokawa zai iya ƙosawa kafin a kai ƙarshe. Cizon da ke cikin *Bon Voyage Sim* babu shi a nan, sai nishaɗi da ƙaunar wasan. *Samba le grand* na 1977, fim ɗin 'yan tsana mai launi a kan jarumin da gimbiya take ta ɗora wa sharuɗɗa kafin ta yarda da shi, ya fi su buri, amma a ganinmu ya fi su rauni. Mai ba da labari ne yake ɗauke da kayan, 'yan tsanan kuwa sau da yawa suna tsaye ne suna jiran murya ta gaya mana abin da suke ji. Tufafin da gine-ginen suna da kyau, sai dai almara irin ta jarumtaka tana bukatar girma da faɗi, abin da teburin mutum ɗaya ba ya iya bayarwa. Alassane ya fi ƙarfi inda yake tsokana. Idan ya koma girmamawa, sai ƙarancin kayan aikin ya zama ƙaranci kawai. Faɗin haka ma girmamawa ce gare shi, domin wanda ake yi wa uzuri a kan komai ba a ɗauke shi mai fasaha ba tukuna.

Wannan mantuwa ba a kansa aka fara ta ba. Tambayi mutum goma wane ne dogon fim ɗin katun na farko a duniya, waɗanda suka amsa za su ce *Snow White* na Disney, na 1937. Shekara ashirin kafin nan, a 1917, Quirino Cristiani ya fitar da *El Apóstol* a Ajantina, fim na fiye da awa guda da aka yi da siffofin kwali, yana yi wa shugaban ƙasar, Hipólito Yrigoyen, shaguɓe. Abin lura ne cewa dogon katun na farko ba na yara ba ne, na siyasa ne, ɗan'uwan Sim ne ta wajen manufa. Gobara ta cinye shi a 1926. Cristiani ya sake yin wani, *Peludópolis*, a 1931, wannan karon da sauti, shi ma gobara ta cinye shi daga baya. Yau babu mai rai da zai iya zama ya kalli ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka babu mai iya yi musu sharhi, sai dai a ambace su a wuce.

Mafi tsufan dogon katun da ya tsira aikin mace ne, Lotte Reiniger ta Jamus, wadda ta shafe kimanin shekara uku tana yanka siffofi da almakashi daga kwali da fallayen dalma, tana haɗa gaɓoɓinsu da waya, tana shimfiɗa su a kan gilashi mai haske daga ƙasa. Fim ɗin, labarin Yarima Ahmad, ya fito a 1926, kuma daga *Dare Dubu da Ɗaya* aka ɗebo shi, littafin da Hausawa suka daɗe da sani. Wasan inuwa ne, irin wanda Alassane ya fara da shi yana yaro ba tare da ya san da ita ba. Har yau yatsun siffofinta suna ba da mamaki, yadda baƙar inuwa marar ido take nuna tsoro ko kunya da karkata wuya kawai. Amma ba za mu rufe ido ga mugun labarin ba, bokan Afirka da aka yanka da siffar da Turawan wancan zamani suke yi wa baƙar fata. Shi ma wannan fim da ƙyar ya sha: asalin zarensa ya salwanta, kwafin da aka adana a Landan ne aka dogara da shi wajen farfaɗo da shi. Tsakanin Cristiani da Reiniger, abin da ya raba wanda ake kallo da wanda ake ambata kawai shi ne kwafi ɗaya a wani ɗaki a wata ƙasa.

A nahiyarmu ma jerin yana da tsawo. A Alƙahira, cikin shekarun 1930, 'yan'uwan nan na gidan Frenkel sun ƙirƙiro Mish-Mish Effendi, ɗan birni mai jar dara, wanda Misirawa suka yi ta dariyarsa a gidajen sinima kafin iyalin su koma Faransa. A Kwango, Jean-Michel Kibushi ya ɗauko tatsuniyar mutanensa ta kwaɗon da ya je gidan surukai ya mayar da ita katun a farkon shekarun 1990. Kwaɗo kuma! Su waye a cikinmu suka taɓa ganin waɗannan?

Dalilan ɓacewar ba asiri ba ne. Zaren fim na farko, mai sinadarin naitiret, yana kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma idan ya kama ruwa ba ya kashe shi. Wanda ya gaje shi ba ya ƙonewa haka, amma zafi da laima suna sa shi ruɓewa, ya riƙa warin ruwan tsami, ya motse ya lanƙwashe. Ƙasashenmu kuwa zafi ne da ƙura. Ko inda aka yi ƙoƙari, ƙaddara takan ratsa: ma'ajiyar finafinan Afirka da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 1989 a ƙarƙashin bikin FESPACO, ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009 ta shiga cikinta ta jiƙa kaya masu yawa. Ga kuma matsalar gajarta. Fim mai minti biyar ba a sayar masa tikiti shi kaɗai, gidan talabijin ba ya gina shiri a kansa, ɗan kasuwar kaset ba ya buga shi. Sai ya zama wurin ganinsa bukukuwan fim ne da cibiyoyin al'adu na Turai. A 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya nunin finafinan Alassane. Abin farin ciki ne, amma ya fi sauƙi ga ɗalibi a Amurka ya ga kwaɗin Tawa a babban allo fiye da yaron da aka haifa a Tawa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa zamanin kwamfuta ya warware wannan. Mu muka fi kowa sanin ƙaryar hakan. Shekaru da dama dubban masu zane a duniya suna yin katun da Flash, suna ɗorawa a intanet. A ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa masa, manhajojin shiga intanet suka daina buɗe shi, kuma da ba don wasu 'yan sa-kai sun rubuta manhajar da take kwaikwayonsa ba, da aikin tsara guda ya bi *El Apóstol*. Fayil ba ya warin tsami, amma faifan ajiya yana mutuwa, shafi yana rufewa, mai asusu yana mance kalmar sirri. Katun ɗin Hausa da matasa suke ɗorawa a YouTube da TikTok a yau, nawa ne daga cikinsu suke da kwafi na biyu a wani wuri?

Ga waɗannan matasa ne muke ganin Alassane ya fi amfani. Da yawa daga abin da ake yi yanzu da manhajojin da ke zuwa da siffofi shiryayyu, ko da ƙirƙirarriyar basira, yana da santsi da ƙyalli, sai dai mutanen ciki ba sa tafiya irin tamu, ba sa durƙusawa su gaida babba irin namu, an dai sa musu hula da murya ne. Manhaja tana ba ka motsin da wani ya riga ya lura da shi a wata ƙasa. Alassane ba shi da wannan gata, dole ya je fili ya ga yadda ɗan kokawa yake ware ƙafa, ya ga yadda soja yake ƙamewa, sannan ya yanke shawarar layi nawa ne za su isa su nuna hakan. Shi kansa bai ƙyamaci na'ura ba, a ƙarshen rayuwarsa ya koma gwada katun da kwamfuta. Abin da ya kai wa kwamfutar shi ne idon da ya riga ya horar shekara arba'in.

Akwai aikin da ya rage, kuma ba duka ne yake bukatar gwamnati ba. Gyaran zaren fim aikin ƙwararru ne da kuɗi, irin wanda shirin adana finafinan Afirka da gidauniyar Martin Scorsese ta ƙulla da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka a 2017 yake yi. Amma rubuta bayanin waɗannan finafinai da Hausa, da haɗa "Kokoa" da "kokawa" da "kokowa" a wuri ɗaya yadda mai nema zai samu, da fassara maganganun ciki, da neman izinin nuna su a makarantu da bukukuwan littattafai na Kano da Zariya da Maraɗi, duk waɗannan suna hannunmu. Wanda ya sami dama ya nemi *Bon Voyage Sim*, ya kalle shi tare da yaro da kuma dattijon da ya ga zamanin Diori. Minti biyar ne. Ya lura da inda kowannensu zai yi dariya.